Hantar Talo-talon Baturiya

Lokacin da yaƙin basasa ya yi zafi, Turawan Ibadan suka daina samun talo-talon da ake kawo musu a jirgin ruwa cikin ƙanƙara. Bature kuwa ya yi Kirsimeti ba talo-talo, sai ka ce an yi masa mutuwa. Ni a lokacin wankin kayan ciki nake yi a teburin Yayana, mahauci a unguwar Sabo, tun da na bar makaranta a aji huɗu. Burina a duniya ɗaya ne, in rabu da bokitin tumbi.

Wata baturiya da ke sayen nama wurinmu ta ce in kiwata mata talo-talo goma sha biyu, nata da na ƙawayenta. Sharaɗinta kada su sha maganin asibiti ko ɗigo. Dawa, ganye da iskar Allah kawai. Ita da ke haɗiyar ƙwayar zazzaɓi kamar gyaɗa, tsuntsu ne ba ta yarda ya sha magani ba.

Na sayo 'yan tsakin wurin wata Bayarabiya a Mokola, na yi wa Yaya sallama.

"Allah ya ba da sa'a, Sarkin Tsuntsaye," in ji shi. "Bokitinka dai na nan, ba mai ɗauka."

Na zuba su bayan gida cikin kajin Inna. A tunanina, kajin nan sun shekara a wurin ko mura ba su yi ba, ƙasa mai lafiya ke nan. Ashe kaza tana yawo da wata cuta a cikinta garau, ta kasayar, talo-talo ya tsattsaga ya kwasa. Likitan dabbobi ne ya gaya mini haka daga baya, lokacin da bayanin ba shi da sauran amfani.

Da farko sun yi kyau, suna buɗa wutsiya suna kumbura wuya kamar 'yan siyasa. Sai suka fara sakin fiffike, su tsaya ido a rufe, kashinsu rawaya kamar ɗorawa. Inna ta ce barkono a ruwa, na ba su. Ta ce ɓawon maɗaci, na ba su. Na ji labarin wani farin garin magani a kemis, na je na roƙi baturiya. Ta ɗaga mini yatsa: "Babu magani!" Iyakar Hausarta ke nan. Ni kuma da wautata na riƙe alkawari, kamar tana leƙo mu ta katanga.

Da suka rage huɗu, kafin su zama mushe, na kai wa Yaya ya yanka. Ya farke na farko, ya ɗaga hantar a bakin wuƙa gaban mahauta.

"Jama'a, ku zo ku ga hantar da ba ta san magani ba!"

Ta kumbura, duk tabo zagaye-zagaye, kamar an bi ta da wutar sigari.

"Yaya," na ce ƙasa-ƙasa, "naman ai ba laifi. A yar da hantar, wa zai sani?"

"Ni. Ba dai a teburina ba."

Ya wurga ta kwata, ya bi ta da tsuntsun. Kare ya zo ya shinshina, ya wuce abinsa.

Baturiya ta sayi agwagwa ta ci Kirsimetinta, har ta ɗaga mini hannu daga mota. Kajin Inna suka ƙara ƙiba da ragowar dawata.

Ranar da na koma bakin teburi, Yaya ya turo mini bokitin da ƙafa.

"Ranka ya daɗe, fara da hanta. Yanzu ai kai ne malaminta."

Shekaru sun wuce, Yaya ya rasu, teburin ya koma hannun ɗansa. Bokitin yana hannuna.