Sifaniyancin Kakata

Ƙanshin ɓawon lemo ne ya tsayar da ni ɗazu a kicin, wuƙa a hannu. Ba Kano ya tuna mini ba, don ba a can na girma ba. Wani ƙaramin shago ya tuna mini, a kan hanyarmu ta zuwa makaranta a unguwar Whalley Range ta Manchester.

Ina shekara tara Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kano zama da mu. Baba likita ne, Mama tana karatu a jami'a, flat ɗinmu kuwa a saman wani tsohon gida yake, ba abin da ake gani ta taga sai bishiyoyi da ruwan sama. Matar da ta shekara talatin tana sayar da kayan miya a ƙofar gidanta, ga ta nan ba mai ce mata sannu daga safe har la'asar. Ta rame. Na taɓa jin tana roƙon Baba ya mai da ita gida.

Sai aka ɗora mini raka ta cefane duk Asabar, ni ce bakinta. Shagon na wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Sifen, mai farin gashi, ita da mijinta suna sayar da lemo da tumatir da albasa. Kaka takan fara da doguwar gaisuwa, ta tambayi gida da gajiya da sanyi, kafin a zo maganar kuɗi. Ni kuwa kunya ta ishe ni, ga mutane a layi. Sai in haɗiye maganarta duka, in ce "How much?" kawai.

Ran nan muna fitowa ta tsaya ta dube ni.

"Ke 'yar nan, na yi magana mai tsawo, kin yi gajeriya. Ina sauran?"



Asabar ta gaba Kaka ta ce in koma gefe. Ta dafa ƙirji ta gaida matar da Hausa. Matar ta ajiye abin da ke hannunta, ta amsa da nata harshen, a hankali, Kaka ta maimaita. Daga nan aka fara. Kafin sanyi ya kankama, Kaka ta iya "buenos días", barka da asuba. Ta iya "¿cuánto es, por favor?", wato nawa ne don Allah, ko da yake "kwanto" take cewa. In za ta biya, da hannun dama take miƙawa, ta ce "aquí tiene", ga shi. In ta ce "gracias", matar ta amsa "a usted", ma'ana ke ce da godiya. Wannan ta fi burge Kaka. Ta ce mutanen da suke mai da godiya ga mai ita suna da tarbiyya. Turanci dai har ta bar ƙasar ba ta koya ba.

Wani mako muka tarar da shagon a rufe. Maƙwabta suka ce mijin matar ya rasu. Ranar da aka buɗe, Kaka ta yi dambu ta zuba a kwano, muka tafi. Ba ta da kalmar ta'aziyya ko ɗaya a wannan harshe, sai na ciniki. Ta ɗora kwanon a kan teburin shagon, ta ce, "Aquí tiene." Matar ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta fashe da kuka.

Sai Kaka ta juyo gare ni.

"Yanzu ki faɗa mata, kuma kar ki rage ko kalma. Ki ce ni ma na rasa nawa. Ki ce Allah ya ba ta haƙuri, ya sa ta iya cin abinci."

Na faɗa duka, da Turancina na Manchester. Akwai mutane a layi, ban ko dube su ba.

Kaka ta ƙara shekara uku tare da mu kafin ta koma, a can Allah ya yi mata rasuwa. Ni yanzu a unguwar Sparkhill nake da yarana. Jiya na shiga babban kanti a Stratford Road, na cika kwando, na ɗora kati a kan na'ura ta yi ƙara, na fito. Sai da na kai mota na lura, tun shigata har fitata ban buɗe baki ba.