Inna Larai da Ludayin Makau

Kafin a sallame sallar asuba a Tungar Guru, Inna Larai ta riga ta juya ɗanta Makau, ta sake masa shimfiɗa, ta dama kunu mai ruwa-ruwa. Shekarunsa goma sha takwas, ba tafiya, ba magana. Yana ɗan yaye gubar dalma ta taɓa shi, shekarar da ake dakan dutsen zinariya cikin gidaje. Sa'o'insa da yawa suna ƙasa. Shi Allah Ya bar shi, Ya bar wa uwarsa aiki.

Ba ta taɓa kai kuka ƙofar kowa ba. Sai dai akwai kuskuren da so ya sa ta yi: ba ta bari wani ya ba shi abinci. Bara zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti a Anka, kwana uku. Kwana ukun nan Makau ya datse haƙora, ko ruwa sai da dabara. Ta dawo ta tarar da shi kamar kara. Nan ta gane, ranar da aka ɗauki gawarta, yunwa za ta biyo ta da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta kira babban ɗanta Sa'idu ta ɗora masa wanka da ɗauka. Ta miƙa wa matarsa Amariya ludayi, ta yafa mata tsohon zanenta don yaron ya ji ƙanshin uwarsa, ta fita ta zauna bayan danga.

Makau ya yi ta gurnani. Amariya ta leƙo.

"Inna, ya ƙi! Taho ki amshi ɗanki."

"In na mutu, kabari za ki taho kirana? Ɗaga mai haɓa, taɓa leɓe sau biyu, ki jira. Ba ya son gaggawa, halin ubanai ne."

Mata suka ce Larai ta yi taurin zuciya. Masu faɗa ba su gani ba. Maƙwabcinta Gidaɗo ya gani: tana bayan danga, ta cusa gefen mayafi a baki, hawaye na zuba, amma ba ta tashi ba. Wata biyu ana haka. Ran wata Laraba Amariya ta fito da ƙwarya a kife, Makau ya shanye kunun, ba ko ɗigo.

Ke ce uwa, Larai. Ke ce kika san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kika danne zuciyarki don ɗanki ya rayu bayanki. Mun gode, Allah Ya biya ki.

Ku kuma masu irin wannan amana a ɗaka, ku daina cewa sai ni. Ku miƙa ludayi tun kuna da ran da za ku ce, "Ɗaga mai haɓa."