Gayyar da Na Kira wa Yayana

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na kira gayya gonar yayana ba. Shekara uku ke nan bayan samun 'yancin kai. Shi lauya ne a Yamai, rana ɗaya ya ajiye aikin ya dawo Dakoro. Ya ce ya gaji da shari'ar manoma da makiyaya, domin ƙasar noma ce ke mutuwa, shi ya sa ake faɗa a kanta.

Sai ya karɓi gonar babanmu ta hanyar Kornaka, ya hana a taɓa tohon gawo da kalgo da ke cikinta, wai su za su farfaɗo da ƙasar. Har tsumma yake ɗaura musu don alama, kada a sare su. Mu kuwa a wurinmu, gona mai kututture da toho gonar rago ce. A kasuwa ana ta zolayata, wai boko ya cinye wa yayana hannu. Ni mai zuciya ne, kuma ina son shi, abin ya yi mini ciwo.

Da ya tafi Maraɗi lokacin sassabe, na tara samari da makaɗi, mata suka dama fura. Kafin azahar mun share gonar tas, wahalar shekara biyu ta zama tarin ƙirare. Ina ta jin daɗi, wai na rufa masa asiri.

Da ya dawo na kai shi gonar da kaina, ina washe baki. Ya daɗe tsaye. Ya duƙa ya ɗauki wani tsumma ya sa aljihu.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne, Yaya. Don a bar yi maka dariya."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya tona gindin wani kututture da yatsa, ya nuna mini ɗanyar saiwa.

"Ba su mutu ba. Na yanke maka hukunci: in sun toho, kai za ka ɗaura tsumman."

Haka na yi shekara bakwai ina ɗaurin tsumma, dariyar kasuwa ta dawo kaina. Yaya ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa, amma gawon nan ne ke ciyar da awakina da rani. Tun ranar na koyi cewa ko don ƙauna za ka taɓa abin mutum, ka fara tambayar sa me ya sa ya bar shi haka.