Sarƙar Agogon Goggo Talatu

Goggo Talatu mutuniyar Ketare ce, aure ne ya kawo ta Sheme. Mijinta, Malam Mamuda, manomi ne mai dawa da auduga da 'yan shanu, mutum mai sanyin hali wanda ko akuya ta shiga gonarsa a hankali yake korar ta. Ita kuwa ba haka take ba. Gajera ce siririya, amma in ta ɗaga murya a bakin titi, na cikin gari ma ya san ita ce.

Shekarar da fari ya ci ƙasar nan, shanun Malam Mamuda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, rumbu ya ƙare tun bazara ba ta shigo ba. Talatu ba ta tsaya jiran kowa ba. Ta ɗauki babbar tukunyarta, ta kafa murhu a gindin wata bedi a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta fara tuƙa tuwon dawa da miyar kuka tana sayar wa direbobi. Su ne suka laƙaba mata Goggo, har da waɗanda suka girme ta.

Ba a daɗe ba kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman makaranta suka cika gari da babura da rediyo, manyan motoci suka riƙa wucewa da siminti da kwano ba dare ba rana, kuma kowane direba sai ya ci tuwo. Murhu ɗaya ya zama uku, ta yi rumfa, ta sa benci. Da wannan tuwon ta yi wa gidansu rufin kwano, ta aurar da 'ya'yanta mata, ta saya wa Malam shanun huɗa. Ita kanta kuwa ba ta taɓa saya wa jikinta abin da ya wuce atamfa ba.

A lokacin akwai wani dillalin agogo da rediyo, Alhaji Maharazu, mai shago a Funtuwa. Yana da a-kori-kura da yake lodawa akwatunan gilashi ya bi kasuwanni: Sheme, Ƙanƙara, Faskari, har Sabuwa. Wata ranar kasuwa Goggo Talatu ta shiga sayen daddawa, sai idonta ya faɗa kan wani agogon mata a akwatinsa, shi kaɗai a kan jan ƙyalle. Na zinari ne, ƙarami, sarƙarsa gaɓa-gaɓa tana kwanciya kamar ruwa. Ta tambayi kuɗinsa. Alhaji ya dube ta daga ɗankwali zuwa silifa, ya ce ga na roba can a ƙasa, su ne daidai da ita.

"Alhaji, wancan na tambaye ka," in ji ta.

Ya faɗi kuɗin yana dariya. Sun kai na bijimin sa. Ta ce ya ajiye mata.

Da ta koma gida sai ta gaya wa mijinta. Ya ce, "To ke mi za ki yi da shi? Ga rana nan, ga ladan."

"Malam, duba hannun nan." Ta miƙa masa hannunta, duk tabon wuta da na tafasasshen ruwa. "Tun fari shina aiki don wasu. Yau ina so shi ɗauki wani abu nashi na kanshi."

Malam Mamuda ya ce kuɗinta ne, Allah ya sa albarka.

Kasuwar da ta zagayo ta je ta biya. Da aka ɗaura mata agogon sai ya zame har gwiwar hannu, don wuyan hannunta bai kai na kowa ba. Alhaji Maharazu ya ce wannan ba komai ba ne, yanzu zai rage sarƙar. Mutane sun yi masa yawa a lokacin, wani na tayin rediyo, wani na neman batir. Ya kifa agogon a kan ƙarfen bayan mota ba ko ƙyalle, ya ɗauko sukudireban da yake kwance rediyo da shi. Kusoshin sarƙar ƙanana ne kamar ƙwayar gero, bakin sukudireban ya fi su girma. Ya danna, ya zame, ya ja dogon layi a kan zinarin. Ya sake dannawa, kan kusar ya cinye. Sai ya sa filaya ya murɗe gaɓar da ƙarfi har ta ɓalle, ta kusa da ita ta lanƙwashe. Duk gaɓoɓin da ya cire daga gefe ɗaya ya cire su. Da ya zo haɗawa kusar ta ƙi shiga, sai ya yanki guntun waya ya zura, ya buga da ƙaramar guduma. Yana yi yana amsa wa mai rediyo magana.

"Alhaji, ka ji mishi ciwo," in ji Goggo Talatu.

"Haka aka yi ma na kowa. In kin goge da ƙyalle shi kenan."

Audi, wani direban babbar mota da ke cin tuwo a wurinta, yana tsaye ya ga komai. Ita kuwa kunyar taro ta kama ta, abin da ba ta saba ba, ta karɓa ta tafi.

A gida ta goge, ta sake gogewa. Layin yana nan, ga shatar haƙoran filaya a gaɓa biyu. Maɓallin sarƙar, maimakon ya zauna a tsakiyar hannu, ya koma gefe yana gurzar ƙashi, wayar kuma tana kama mata mayafi. Ba a yi mako ba, tana tankaɗe da hantsi, wayar ta zare, agogon ya faɗa cikin ƙwaryar gari. Ta tsamo shi fari fat. Ta kara a kunne, yana tafiya. Ba ta yi kuka ba, amma ranar ko mai cin bashi bai iya yi mata wasa ba.

Da kasuwa ta ci ta kai masa. Alhaji ya juya agogon sau ɗaya ya miƙo mata.

"An saya an gama, baiwar Allah. Wannan agogon matan manya ne, masu zama cikin inuwa. Ke kin ɗauka kina tuƙin tuwo da shi, mi kike so shi zama?"

"Muciya ba ta da haƙora, Alhaji. Wannan shatar filayarka ce."

"Ki tahi, ina da mutane."

Ta koma gida tana huci. Malam Mamuda ya ce ta bar wa Allah, mutumin yana da manya a Funtuwa, ita kuma mace ce mai sana'a a bakin titi, ba ta buƙatar abokin gaba. Maƙwabta ma haka suka ce. Wasu a bayan idonta cewa suke ai ga irinta nan, mai tuwo da agogon zinari.

"Na ji, Malam," ta ce wa mijinta. "Da cewa ya yi kuskure ne, Goggo ki yi haƙuri, wallahi da na haƙura. Amma ya ɓata mani kaya, sannan ya ce ni ce ban isa in sa ba. Wannan ba ni haɗiye ta."

Kasuwar gaba ba ta hura wuta ba. Ta ɗauki tabarma da faifai, ta je ta shimfiɗa kusa da motar Alhaji Maharazu, ta ɗora agogon a tsakiyar faifan, ta zauna. Ba ta zagi kowa ba. Duk wanda ya zo duba agogo sai ta ce, "Malam, kafin ka miƙa hannunka, zo ka ga yadda aka rage nawa." Mutum ya sunkuya ya duba, ya dubi Alhaji, ya ce bari ya zagayo. Ba ya dawowa.

Alhaji ya ɗauka abin na rana ɗaya ne. Da ya sauka a Ƙanƙara sai ya tarar da ita ta riga shi, Audi ya rage mata hanya. A Faskari ma haka. Da ya tsallaka Sabuwa, can nesa, yana sauke akwatuna ya ji murya a bayansa: "Alhaji, an zo lahiya?" Hanyar Sabuwa a lokacin ba ta da kyau, ta iso jikinta duk ciwo, amma ta shimfiɗa tabarmarta.

A nan ne ta gane ba ita kaɗai ba ce. Wani malamin firamare ya naɗe hannun riga ya nuna mata nasa, an ɗaure da waya irin nata. Wani falken shanu ya ce nasa ya ɓalle a kan babur, bai ƙara ganinsa ba, kuma kunya ta hana shi magana, kada a ce bai san kan kaya ba. Sukan tsaya a bakin tabarmarta su yi ta hira, wani lokaci taron da ke gabanta ya fi na gaban akwatunan gilashi.

Alhaji ya aiko mata da wani agogo na ƙarfe, sabo a kwali, a kan ta tashi. Ta mayar. Ya kai ƙara wurin sarkin kasuwar Faskari. Sarkin kasuwa ya zo ya tambaye ta me take sayarwa. Ta ce ba komai. Ya ce to me take yi a nan? Ta ce tana shan iska da kayanta. Ya rasa ta inda zai kama ta, ya tafi yana girgiza kai.

Abin bai zo mata kyauta ba. Duk ranar da ta bi kasuwa rumfarta a rufe take, direbobi da yawa suka koma wurin wata mai shinkafa da ta buɗe a tsallaken titi. Wata safiya tana naɗe tabarma, Malam Mamuda ya tsaya a ƙofa. Ta zaci hana ta zai yi. Sai ya miƙo mata lemarsa ya ce rana tana da zafi a Ƙanƙara.

Daga ƙarshe Alhaji Maharazu ne ya kai ta gaban alƙali a Faskari, ya ce tana ɓata masa suna tana kashe masa ciniki. Malam Mamuda ya raka ta, Audi ma ya ajiye motarsa ya zo. Alƙali ya tambaye ta ko ta zagi mai ƙara.

"Allah gafarta Malam, ban zage shi ba. Aikin hannunshi nika nuna ma mutane. In aikin na da kyau, ai talla na yi mishi."

Alƙali ya karɓi agogon ya matsa kusa da taga ya duba. Alhaji ya ce ita ta lalata shi wurin aiki. Audi ya tashi ya faɗi abin da ya gani, tun daga sukudireba har guduma. Da aka tambayi Alhaji ko ya yarda ya rantse bai sa filaya ba, sai ya kau da kai yana gyara hula.

Alƙali ya ce to, a yi sulhu: ta mayar da agogo, ya mayar mata da kuɗinta.

"Allah gafarta Malam, ba ni so."

Malam Mamuda ya sunkuyar da kai.

"Ba kuɗi na zo nema ba, ina da su na saya. Agogon nawa ne, ni na zaɓe shi. In na mayar, gobe shi goge shi kai ma wata, ni kuma a ce dama bai dace da ni ba. Sarƙata nika so, yadda na gan ta cikin gilashi."

Alƙali ya yanke cewa Alhaji Maharazu ya nemo sabuwar sarƙa irin waccan daga inda ya saro agogon, ita kuma ta bar zama kusa da motarsa daga ranar. Ta ce ta yarda.

Sarƙar ba ta zo da wuri ba. Alhaji ya ce jiragen ruwa masu siminti sun toshe tashar Ikko, kaya ba sa fitowa. Wataƙila gaskiya ne. Damina ta sauka, aka yi noma, aka yi girbi, sai da ta sake komawa wurin alƙali ta tuna masa. Ana cirar auduga sarƙar ta iso. Alhaji ya kawo ta kasuwar Sheme, ya ce ta miƙo agogon ya ɗaura mata, hannunsa har ya kai kan sukudireba.

"A'a, Alhaji. Ba ni ita a takardarta."

Ta bi motar Audi zuwa Zariya, wurin wani mai gyaran agogo da direbobi suka yaba. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya cire gaɓoɓi daga kowane gefe daidai, ya gwada a hannunta, ya sake ragewa. Tana tsaye a kansa har ya gama, ya ce bai taɓa aiki ana hararar yatsunsa haka ba.

Alhaji Maharazu bai talauce ba. Ba da jimawa ba ya bar agogo ya shiga kwangilar gini, ya fi da kuɗi. Goggo Talatu kuma ba ta maido duk direbobinta ba, mai shinkafa ta riƙe nata. Ta ci gaba da tuwonta a gindin bedi har ƙarfinta ya ƙare, agogon yana hannunta, sai in za ta yi alwala ko wanke tukunya ta cire.

Shekaru bayan haka motar Alhaji ta lalace a Sheme da azahar. Ya zauna a ciki, ya aiki direbansa ya karɓo masa tuwo a kwano. Goggo Talatu ta leƙa ta ga ko waye. Ta ce wa direban ita ba ta kai wa kowa abinci mota, mai jin yunwa ya zo benci. Direban ya koma ya faɗa. Aka jima, Alhaji ya fito, ya tattara babbar rigarsa, ya zauna tsakanin wani kwandasta da wani mai faci. Ta zuba masa tuwo, ta ƙara masa man shanu, ya ci ya sha ruwa, ya ce miyar ta yi daɗi. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.