Tandun Babana Mai Yoyo

Jikana ya zo daga bakin tafkin Chadi, rigarsa duk baƙin mai, yana ƙorafin injin jirgin ruwan da yake tuƙawa: sau uku ana liƙe shi, sau uku yana sake yoyo. Warin rigar ya bugi hancina. Tandun babana na tuna, da dukan da na sha a kansa.

Mai yiwuwa ba ka taɓa ganin tandu ba. Tulu ne na fata, ana kankare ƙirgi a kwaɓa shi, a shafe a jikin sifar yumɓu, in ya bushe a fasa yumɓun. A ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, tun jirgin ƙasa bai iso Gagarawa ba, a cikinsa Baba yake tara man shanun da yake saye wurin matan rugage, ya ɗora wa takarkari, sansa na ɗaukar kaya, zuwa kasuwar Maigatari. Jajibirin kasuwa yakan kishingiɗar da shi a yashi cikin rana don man ya narke. Ni ce mai gadi, yarinya da ko haƙoran gaba ban gama mayarwa ba. In kori kaji da karnuka, in riƙa juya shi.

Da kakar wata shekara man ya fara raguwa. Baba ya ga gindin tandun na naso, ya jiƙa ɗanyar fata ya manna. Mako ya zagayo, mai ya ragu. Ya ƙara wata a kan ta farko, sannan ta uku, har gindin ya yi tudu, wani irin ɗoyi yana tashi, ƙudaje sun mai da shi gida. A mako na huɗu bai dubi tandu ba, hannuwana ya duba, ga su suna maiƙo.

"Ashe ɓeran a gida yake," in ji shi.

Da igiyar takarkari ya dake ni. Na rantse har muryata ta dushe, ba wanda ya saurara. Kafin kwana biyu ’yan matan bakin rijiya suna lasar yatsu in na wuce, matan maƙwabta suna janye ƙoransu in na shiga gida. Ni kuwa, wallahi, ko ƙaurin man nan ba na so. Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwata, wadda ta fara ɗaga daddawarta can saman rumbu.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce ta ƙi yarda. Ta sa kara cikin tandun ta zaro, ta dube shi.

"Kai wannan, wane irin ɓarawo ne kullum yake tsayawa wuri ɗaya? Makon jiya nan ya tsaya, yau ma nan."

"Inna, a gindi yake naso, kuma na liƙe."

"Mai gangarowa yake yi. Inda ka gan shi ba nan ya fito ba."

Ta sa aka kwance ragar igiyar da ke jikin tandun, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka saye shi. Ta goge shi da yashi har ya bushe ƙarau, ta tankaɗe farar toka ta barbaɗe shi sama da ƙasa. Aka cika shi, aka kwantar a rana kamar kullum, muka zauna muna kallo. Kafin azahar wani ɗigo baƙi ya bayyana a kafaɗarsa, daidai inda ƙullin igiya yake gugar fatar in takarkari na tafiya. Tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Muna gani man ya ja layi cikin tokar, ya gangara gindi, yashi ya shanye.

Sannan ta sa wuƙa ta ɓamɓare liƙin Baba. Wa'iyazu billahi! Ɗanyar fatar da aka ɗora kan maiƙo ba ta taɓa bushewa ba, ta ruɓe ta yi kore, tsutsotsi farare ƙosassu suna motsi a ciki kamar gero a tafasa. Uwata ta ruga bayan ɗaki tana amai. Gindin kuwa, da aka wanke, lafiyarsa lau.

Na tsaya ina jiran Baba ya dube ni. Ya juya tandun, ya shafa tsagar da ɗan yatsa.

"Ashe kafaɗa ce," ya ce. Ya tafi neman mai gyara.

Shi ke nan abin da na samu. A wancan zamanin, uba ba ya ba ’yarsa haƙuri, kuma ba wanda ya je bakin rijiya ya shaida wa ’yan matan ba ni ba ce. Har na yi aure akwai gidajen da ba a bari na kusa da madafi.

Yanzu tandu ya ɓace, sai galan na roba da kake hango man ta jikinsa, in ya tsage a jefar. Jikokina suna gaya wa iyayensu "ba ni ba ne" ido cikin ido, wasu tsofaffi suna cewa tarbiyya ta lalace. Ni ba na cewa haka. Na yafe wa Baba dukan tun yana raye. Kallon da ya ƙi yi mini ranar nan ne har yau nake fama in yafe.