Lallen da Ba na Biki Ba

Har yau idan mata suka yaba hannuna a zanen lalle, sai sun tambaye ni wa ya koya mini. Nakan ce baiwa ce. Ƙarya nake yi. Dorinar mahaifina ce ta koya mini.

A unguwar Bulabulin na tashi, cikin wani lungu da idan ka yi atishawa maƙwabci zai amsa maka. Mahaifina dillalin shanu ne, mai zaƙin baki, irin wanda zai sayar maka da tsohon sa ka tafi kana sa masa albarka. Bayan la'asar yake dawowa. Akwai wata ƙusa a zaurenmu: idan ya rataye dorinarsa a jikinta, mun tsira a ranar. Idan ya shigo da ita a hannu, sai ni da ƙanena mu shige bayan randa. Dalili ba ya yi masa wuyar samu. Ko gishiri ya yi yawa, ko shayi ya huce, ko an amsa masa a makare. Ni nakan runtse ido a bayan randar. Ƙanena ba ya runtsewa.

Ya, haka muke kiran mahaifiyarmu, ba ta ihu. Hannu take ɗagawa ta kare fuska, shi ya sa shatin dorina ke sauka a bayan hannunta har zuwa gwiwar hannu. Lafaya tana rufe mace ruf, amma hannu dole ya fito wajen gaisuwa da miƙa ƙwarya.

Ina da shekara goma ta fara kirana da kwanon baƙin lalle. Ta miƙo hannun, ta ce, "Bi layin nan kawai. Ki mai da shi reshe, ki sa masa ganye." Na bi. Fatar tana da ɗumi, ta ɗan tasa, Ya tana cije leɓe duk inda tsinken ya taɓa. Da ya bushe aka wanke, wallahi ya yi kyau. Dogon reshe ne da ya ratsa hannun a karkace, babu mai zanen da za ta yi tunanin bin wannan hanyar da kanta. Matan lungu suka riƙa tsokanarta: "Ke dai kullum amarya! Malam ya dace." Ita kuma ta yi murmushi ta ƙara turaren wuta a kasko.

Abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ina jin daɗin yabon.

Wata rana bayan azahar yayarta ta zo daga Abbaganaram. Ya Kura muke ce mata, wato uwa babba, mace ce da ba a kai mata raini. Da alama wata magana ta kai kunnenta. Suka gaisa, wushe wushe, amma ba ta saki hannun ƙanwarta ba. Ta juya shi, ta ƙura masa ido.

"Bikin wa ake yi ban ji ba?"

"Babu biki," in ji Ya. "Yarinyar ce take koyo a jikina."

Da Ya ta shiga madafa, Ya Kura ta ja ni zaure, daidai ƙarƙashin ƙusar nan. Ta durƙusa har fuskarmu ta daidaita. "Ke 'yata ce, ki gaya mini gaskiya. Mai tasi yana jirana a bakin titi. Idan akwai wani abu a gidan nan, yau ɗin nan zan tafi da ku duka uku, kuma babu mai zuwa biko ya same ku."

Na ɗaga kai na dubi ƙusar. Babu komai a jikinta, kuma inuwa ta fara miƙewa a tsakar gida. Na ga kamar kafin mu haɗa kaya zai shigo ya tarar da mu. Tsoro ya kama ni.

"Lafiya lau muke," na ce. "Ni ce na zana."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta shafa kaina, ta ce hannuna yana da albarka, ta ba ni dabino uku. Na ji tafiyar motar har ta ɓace.

Kafin damina ta fita, wata rana Ya ba ta ɗaga hannu da wuri ba. Marin ya sauka a kunnen hagu, jini ya ɗan zubo, daga nan kunnen bai ƙara ji ba. Ta kira ni da kwanon lalle don sabo, muka zauna muna kallon juna, babu inda za a zana.

Mahaifina ya rasu da daɗewa, an kuma cika maƙabarta ana yabon halinsa. Ya tana wurina yanzu a Moduganari. Duk mai son magana da ita, a damanta yake zama. Ƙanena ya girma, ya gaji sana'ar, ya gaji zaƙin bakin. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa iyakar gadon ke nan.

Makon jiya matarsa ta kawo mana ziyara da 'yarsu mai shekara tara. Ana zafi sosai, na miƙa wa matar ruwa, lafaya ta zame daga hannunta. Baƙin lalle ne sabo, ba salla ba, ba biki ba. Dogon reshe ya ratsa hannun a karkace, ganyen jikinsa duk sun karkace, aikin ƙaramin hannu mai rawa.

Na ce, "Wa ya zana miki wannan?"

Yarinyar ce ta riga uwar amsawa, da sauri, idonta a kan ƙofa. "Ni ce, Goggo. Lafiya lau muke."

Ban tambaye ta lafiya ba.

Ya ba ta ji abin da aka ce ba, amma ta ga hannun. Ta kama shi, ta bi reshen da yatsa tun daga tushe har ƙarshe, surukarta tana cije leɓe. Sannan ta dube ni, ta ce, "Sa sakata. Ba su komawa."

Na sa. Ana kiran la'asar wayar matar ta fara ruri, ƙanena ne yake kira. Yarinyar ta tashi ta laɓe a bayan firji. Ya ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ta san irin bakin da zai fito daga ciki, shekara ashirin ta yi tana saurarensa. Sai ta kara ta a kunnen hagu, ta fara magana.