Waƙar Rakiya da Muka Cika Kaset da Ita

Wata Laraba ce bayan tonon gyaɗa, shekarar da nake aji biyar, muka sauko daga Vimtim a bayan akori-kura mu biyar: Babana da gangarsa, ƙanensa Kawu Bitrus mai busa ƙaho, abokan kiɗansu biyu, sai ni, don ni ke yi musu amshi tun muryata ba ta fashe ba. Kaset za mu yi. Mai ɗaukar muryar yana unguwar Lokuwa a cikin gari, a wani ɗaki mara taga da ya manna wa kwalayen ƙwai a bango, zafi kamar tanda. Ya sa muka cire takalma, ya hana mu tari, sannan ya dubi Babana, mutumin da in ya taɓa ganga ƙauye uku ke ji, ya ce wai ya rage hannu, injinsa ba ya son ƙara.

Kafin ranar ban san ana waƙa a tsaye wuri ɗaya kamar soja ba. A wurinmu kowace waƙa da aikinta. Akwai ta gayya, wadda ke tafiya da saran fartanya. Akwai ta sussukar dawa, da ta mata a bakin turmi, da ta korar tsuntsaye, wadda mu yara muke yi a kan rumfar gona da majajjawa a hannu har rana ta ɗaga, mu ruga makaranta da ƙaiƙayi a wuya mu sha bulalar latti. Babana kan ce, "Waƙa shuka ce, ba a yin ta sai da ruwanta." Sai kuma waƙar rakiya. Ita ba a yin ta sai tsoho mai jikoki ya mutu, ko gwaji ba a yi, a bakin kabari ake koyonta. A cikinta yaro ne ke ɗaga murya da yarenmu ya ce wa mamacin, "Kaka, tashi, hanya ta buɗe."

Muka yi waƙoƙinmu duka, suka ƙare, ɗaya gefen kaset bai cika ba. Mai ɗaukar murya ya ce, "Baba, ba a sayar da rabin kaset. Ba ku da wata mai sanyi-sanyi?" Waƙar rakiya ce kaɗai ta rage mana. Kawu Bitrus ya ce, "Yaya, ai a cikin ɗaki muke, wa zai ji?" Ka ji wauta. Mun biya mota mun zo don duniya ta ji mu, shi kuma yana tambayar wa zai ji. Su a tunaninsu, duk wanda ya sayi kaset ya san ranar da ake kunna irin wannan. Babana ya ɗauki makaɗin gangarsa. Ni kuwa na buɗe baki na kira Kaka da dukan ƙarfina, ina jin daɗi wai na yi kyau.

Ba a yi wata guda ba, sai ga waƙar a tasha, a teburin mai shayi, a shagon aski. Daga nan wani saurayi a unguwarmu ya kunna ta a gindin mangwaro da tsakar rana, alhali maƙwabcinsu Baba Tumba yana kwance a ɗaki da kumburin ƙafa. Tsohon ya rarrafo bakin ƙofa ya tambaya wa ya mutu. Aka ce ba kowa, rediyo ne. Ya ce, "To, ni ake kira." Ya daina karɓar kunu. Kwana kaɗan ya tafi. Na san ciwo ne ya kashe shi, amma je ka gaya wa 'ya'yansa. Suka hana Babana kaɗa masa, suka ɗauko makaɗi daga wani ƙauye. Babana ya rataye gangarsa a rumbu har ɓeraye suka cinye fatar, bai sake taɓa ta ba har ya bar duniya. A makaranta aka daina sa ni a langa, ana ce mini mai kiran gawa. In na gaida tsofaffi a hanyar rafi, sai su kau da kai kamar ba su ji ba. Shekarata goma sha biyu. Me na sani?

Yau cikin mu biyar ni da Kawu Bitrus muka rage, kuma har yanzu in mun zauna sai mun yi faɗa a kai. Shi cewa yake, "Ɗana, da ba don kaset ɗin nan ba, da waƙar ta bi mu kabari." Ina ce masa gara ta bi mu. Yanzu tana cikin wayar kowa. In tsoho ya mutu a Vimtim, ba mai neman makaɗi, ba jikan da ya tsaya ya koya. Janareta ake tayarwa a jona sifika, muryata ta yarinta ta yi musu aikin, su kuma suna rabon shinkafa a roba. A da, jika kan yi kiran nan yana kuka, murya na rawa, har manya su riƙe shi kada ya faɗi.

Na gaya wa 'ya'yana, ranar da na mutu kada wanda ya kunna ta, ba zan raka kaina ba. In babu jikan da ya iya, a binne ni shiru.